Shinge a Kowane Gari, Amma da Aka Buɗe Mana Wuta Babu Kowa

Duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san abin da zan faɗa, sai dai yawancinmu mun gaji da magana, mun koma cewa "Allah Ya kyauta" mu ja bakinmu. Ni kam raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya haɗiyewa. Hanyar nan ta tarayya ce. Ita ta haɗa Kano da Zariya da Zamfara da Sakkwato har Kabi. A kanta ake ɗauko hatsi da albasa da dabbobi, a kanta ɗalibai ke komawa makaranta, a kanta ake kai marasa lafiya manyan asibitoci. Tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba idan hanya lafiya. Amma yau magidanci ba ya hawanta sai ya nemi gafarar iyalinsa, ya faɗa wa matarsa wanda yake bi bashi da wanda ke bin sa.

Kuma ba kyauta muke bin ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A tasha direba ya biya kamasho. Da an fita gari kuma sai shingaye, wannan bayan wannan, kowanne da katako mai ƙusa da tsofaffin tayoyi a tsakiyar titi. Direba ya riga ya canza kuɗinsa zuwa 'yan ɗari bibbiyu tun a tasha, ya jera su kusa da giya, yana dunƙulewa yana miƙawa. Wanda ya yi gardama a ce ya yi fakin, a sauke lodi, a kwance buhun talaka ana lalube. Mun daɗe muna haƙuri da wannan, muna cewa ai ko ba komai akwai jami'an tsaro masu bindiga a kan hanya, ranar wuya za su yi mana rana. To ranar wuyar ta zo mini, na kuma gani da idona.

Ba da dare ba ne, don kada wani ya ce mu muka jawo wa kanmu. Bayan azahar muka bar Funtuwa cikin Sharon, rana tsaka, kowa na ganin kowa. Mun wuce Sheme, mun wuce Yankara, mun shiga ƙasar Zamfara. Direbanmu dattijo ne mai furfura a gemu, ba mai yawan magana ba. Can sai na ji ya rage totur, ya kashe rediyo, ya ce, "Jama'a, hanyar nan ta yi shiru da yawa. Tun ɗazu ban ga mota ta taho daga gaba ba." Wannan ita ce alamar da direbobin hanyar suka dogara da ita, don ba wanda zai kira su ya gaya musu. In motocin gaba suka ɗauke, to an tare hanya.

Bai rufe baki ba muka ji ta. Akwai wata Golf a gabanmu da 'yar tazara, da tirela a gabanta. Mutane suka ɓullo daga cikin ciyawa ta hannun hagu, wasu da rawani sun rufe fuska, wasu da rigar kaki a kan wandon gida, suna harbi ba tsayawa. Ba su ce a tsaya ba, ba su ɗaga hannu ba, wuta kawai suka buɗe. Motarmu ta kaure da salati. Direba ya daka tsawa, "Kowa ya kwanta! Ku sunkuyar da kai!" ya jefa giya a ribas. Wani ɗalibi da ke bakin ƙofa ya kai hannu zai buɗe ya gudu, wani tsoho a bayansa ya damƙe masa wuyan riga: "Yaro, zauna! Ka taka ƙasa sun same ka!" Wata mai goyo ta zame ƙasan kujera ta kife a kan jaririnta. Gilashin gaba ya tarwatse ta ɓangaren fasinja, mutumin da ke gidan gaba, wani ɗan kasuwar hatsi, ya ce "Wayyo Allah" sau ɗaya ya kwanto gefe.

Yadda dattijon nan ya juya motar, har yau ina mamaki. Da baya ya yi gudu mai nisa, kansa a sunkuye, yana leƙen madubi, sannan ya murɗe sitiyari gaba ɗaya. Tayar baya ta faɗa kwalbati, motar ta karkata har muka zube kan juna, ya ba ta wuta ta fito. Da na ɗago kai na waiwaya, na ga an buɗe ƙofofin Golf ɗin nan, ana kora mutanen cikinta daji da bakin bindiga, har da wata mata da ke jan yarinya ƙarama a hannu. Direbanmu kuwa, da fasasshen gilashi a cinyarsa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ya fitar da shi ta taga yana juya shi a iska, yana ta ba motocin da ke tahowa fitila su koma. Allah kaɗai Ya san yawan rayukan da hannun nan ya tsirar a ranar.

Ni ke zaune daidai bayan wanda aka harba. A kafaɗa harsashin ya same shi, jini ya jiƙe masa riga har ciki. Wata Hajiya da ke gefena ta warware mayafinta ta dunƙule ta tura mini: "Ɗana, danne nan da ƙarfinka, kada ka saki ko ya yi ihu." Na zura hannu biyu ta saman kujera na danne. Jinin na da ɗumi, yana bi ta tsakanin yatsuna yana gangarowa cikin hannun rigata. Bawan Allah yana maimaita kalmar shahada, in ya numfasa sai ya ce a ciro wayarsa a aljihu a kira babban ɗansa, akwai kuɗin mutane a wurinsa, a mayar musu. Hajiya tana ce masa, "Alhaji, kai za ka mayar da hannunka in Allah Ya yarda, ka dai yi ta salati." Masu waya suka yi ta neman lambar gaggawar nan da ake ta tallatawa. Da farko ba sabis. Da sabis ya dawo, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Mintuna kaɗan suka mayar da mu shingen da muka baro, wanda direba ya miƙa na goro a cikinsa ɗazu. A nan zuciyata ta ƙare. Sun ji harbin, don ba nisa. Direba ya fito yana haki: "Yallaɓai, suna nan gaba kaɗan, yanzu suka shiga daji da mutane, ko hanya ba su yi nisa da ita ba!" Amsar da aka ba shi ita ce ya gyara fakin, an sanar da na sama. Motarsu guda na ajiye ƙarƙashin bishiya, ba wanda ya nufe ta. Muka roƙa ko rakiya a yi mana zuwa asibiti, aka ce ba su da izinin barin wurin. Daga baya waɗanda suka tsaya a can suka ba mu labari cewa sai da aka shafe fiye da awa guda kafin motocin ɗauki su iso, aka yi harbi sama, aka buɗe hanya. Ihu bayan hari ke nan, mutanen Golf kuwa tuni an nausa da su.

Ba na ɗora wa yaron da ke tsaye da bindiga ɗaya a rana dukan laifin. Na san an kashe irinsu da yawa a dazukan nan, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma mutum biyar ba sa tunkarar mutum talatin. Fushina na kan wanda ya ajiye shi a wurin ba isassun abokan aiki, ba umarnin motsawa, sannan ya kau da kai ga karɓar ɗari bibbiyu daga safe har dare. In shinge ba zai iya kai ɗauki inda ake jin ƙarar bindiga daga inda yake ba, to amfanin me yake yi wa matafiyi? An bar jaki ana dukan taiki: mai buhun masara ake tsarewa ana bincike, mai bindiga kuwa yana tsallaka titi da ayarin babura.

Sai asibiti. Mun shiga da mutum jina-jina, abin da aka fara tambayarmu shi ne takardar 'yan sanda, sannan a yanki kati, sannan a ajiye kuɗi. Wallahi na ji kamar in fashe. Akwai doka a ƙasar nan tun 2017, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin ajiya ko babu. Asibitin ne ma dokar ta ɗora wa sanar da 'yan sanda bayan an fara aikin. Shekaru nawa ke nan, amma har yau wanda ke bakin ƙofa bai san da ita ba, ko ya sani yana tsoron abin da zai biyo baya. Wata ma'aikaciyar jinya ce, Allah Ya saka mata, ta ture maganar takarda ta ce a shigo da shi, ta sa masa ƙarin ruwa. Tsohon nan da ya riƙe ɗalibi ya cire hularsa ya zagaya da ita, fasinjojin da ba su san juna ba da safe suka yi karo-karo aka sayi allura da bandeji da ledar jini. Alhajin ya rayu, amma hannun ba ya ɗaguwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba sabon abu ba ne, kuma ba ɓoyayyen wuri ba ne. Tambayi kowane yaron mota a tasha, zai lissafa maka: Wanzamai, Kucheri, Magazu, har zuwa bakin Tsafe. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an hana cin kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, talaka ya sha wuyar duka ya yi haƙuri. A farkon 2022 aka ayyana 'yan bindigar dajin nan a matsayin 'yan ta'adda. A watan Maris na shekarar aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda masu hali suka koma hawa don gudun titi. A watan Afrilun 2023 aka kwashi aƙalla mutum 80 a Wanzamai ɗin nan, galibinsu mata da yara da suka fita neman itace. Katsina ta kafa dakarunta na tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Duk an yi, amma ɗan guntun titin da kowa ya san nan ne mashigarsu ya gagara a tsare shi da rana tsaka.

Kuma don Allah masu cewa "me ya kai ku bin hanyar?" su daina. Ta ina za mu bi? Manya na wucewa da jiniya da motocin rakiya gaba da baya, ana ture mu gefen titi su wuce. Mu kuwa kasuwa ba ta jira, jinya ba ta jira, jana'izar uwa ba ta jira. Iyalan waɗanda aka shiga da su daji yanzu suna can suna jiran kiran waya, a yanka musu miliyoyi, a ƙara da sabon babur da katin waya da buhun shinkafa. Za a sayar da gona, a sayar da shanun huɗa, a bi masallatai ana neman taimako, kuma ba wani ofishi da zai tambayi yadda suka yi. Direbanmu ma da aljihunsa ya sa sabon gilashi ya liƙe hudar harsashi a ƙofa, washegari ya koma layi, don yana da bakunan ciyarwa.

Ba abin da ya fi ƙarfin hukuma muke nema ba. A rage shingayen karɓar kuɗi, a mayar da mutanen cikinsu sintiri na gaske tsakanin Yankara da Tsafe, da mota mai mai a tanki da izinin kai ɗauki ba sai an jira na sama ba. A samar da lamba guda da za a kira a ɗauka, a ba shugabannin direbobi a tashoshin Funtuwa da Gusau hanyar sanin halin da titi ke ciki kafin su yi lodi. A rubuta dokar 2017 da Hausa da manyan baƙaƙe a manna a ƙofar kowane asibiti da ke bakin hanyar, a hukunta wanda ya tsayar da mai zubar jini yana neman takarda. Ciyawa da kurmin da suka matso har bakin kwalta, inda mutanen nan ke laɓewa, a sa gireda ta share su ta kowane gefe tun kafin ruwa ya sauka su sake rufe hanyar.