Wa ya karanta maƙalu 800 ɗin nan?

Akwai masu cewa mutum kamar Eliezer Masliah, mai maƙala wajen 800 a fannin nazarin ƙwaƙwalwa, bai kamata a zubar masa da mutunci saboda 'yan hotuna ba. Wannan magana tana ba ni haushi, domin tarin maƙalun ne ya yi masa rumfa tsawon shekaru.

A watan Satumban 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta tabbatar an sake amfani da hotunan gwaji an canza musu suna a maƙalunsa biyu. Mutumin da ya shugabanci sashen ƙwaƙwalwa na cibiyarta ta binciken tsufa daga 2016 zuwa 2024 ke nan. Mujallar Science kuma ta ruwaito masu bin diddigi sun nuna shakku kan maƙalu 132. Ina masu tace maƙalu kafin a buga su suke duk wannan lokacin? Suna can suna lissafin sau nawa aka ambace shi a maƙalun wasu masana.

Ba shi kaɗai ba ne. Maƙalar Sylvain Lesné ta 2006 a mujallar Nature, wadda ta ɗora laifin mantuwar ɓeraye kan wani nau'in furotin mai alaƙa da cutar mantuwa ta Alzheimer, an ambace ta fiye da sau 2,000 kafin a janye ta a 2024. Shekara 18! Mai ambato ba ya maimaita gwaji. Ya ga manya sun ambata, shi ma ya bi sahu, adadi ya yi ta kumbura. Wannan adadin ne ake kira tasiri, da shi ake raba kujeru da kuɗin bincike.

Masu cewa ai kimiyya tana gyara kanta su je su faɗa wa iyalan masu fama da cutar mantuwa.

Ma'aunin nan dai shi ne ya sa jami'ar Pennsylvania ta rage wa Katalin Karikó matsayi a 1995 don ta kasa jawo kuɗin bincike kan mRNA (sinadarin da ke ɗaukar saƙon haɗa furotin a cikin ƙwayoyin jiki), aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2023. Mu ma a jami'o'inmu ƙarin girman malami ya rataya ne kan yawan maƙalu, shi ya sa mujallun a-biya-a-buga suke cin kasuwa.

Kamata ya yi kwamitin ƙarin girma ya zaɓi maƙalu uku ya zauna ya karanta su da kansa, mujallu kuma su nemi hotunan asali kafin su buga komai.