Ƙungiyoyin unguwanninmu sun iya jaje, shiri ne ya gagare su

Kusan kowace unguwa a Kano yanzu tana da ƙungiyar ci gaba, musamman sababbin unguwannin da suka tashi a gefen gari, inda aka yanka gonaki aka mayar da su filaye, mutane suka yi gini suka tare tun kafin titi da lambatu da wutar lantarki su iso. Akwai shugaba da sakatare da ma'aji, akwai zauren WhatsApp da ba ya barci, akwai kuma kuɗin wata da kowane gida yake bayarwa ko ake binsa bashinsa. Ban raina wannan ƙoƙari ba ko kaɗan, domin da hannun irin waɗannan ƙungiyoyi aka gyara taransifoma a wurare da dama, aka haƙa burtsatse, aka zuba burji a hanyoyin da a da mota ba ta iya bi da damina, aka kuma ɗauki 'yan sintiri. Abin da nake so mu duba tare shi ne inda kuɗinmu da lokacinmu suke tafiya. A ganina mun ƙware a kan abin da ake yi bayan masifa ta auku, wato jaje da ta'aziyya da karo-karo, amma abin da ya kamata a yi kafin ta auku da wuya ka ji an ambace shi a wajen taro.

Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarma a ƙofar gidan mai unguwa ranar taron wata ya san yadda zancen yake gudana. Za a fara da albashin 'yan sintiri, sai a koma kan wuta da wanda ya ƙi biyan kasonsa na gyaran taransifoma, sai a ɗan taɓa rikicin iyakar fili, daga nan ladan ya kira salla a shafa fatiha a watse. Dalilin hakan a fili yake. Ɓarawo da duhu abubuwa ne da suke damun mutum kowane dare, don haka ba a shan wahala wajen karɓar kuɗinsu. Ambaliya da gobara kuwa sai su yi shekaru ba su leƙo ba, kuma duk wanda ya tayar da maganarsu ana iya ce masa ya daina yi wa jama'a mugun fata.

Bari in fara da lambatu, domin a nan ne sakacinmu ya fi fitowa. A jihar Kano an ware Asabar ɗin ƙarshen kowane wata don tsaftar muhalli, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, amma a unguwanni da yawa wannan lokaci ya zama na ƙarin barci. Inda ma aka yi hoɓɓasa aka fito aikin gayya, ga abin da ido yake gani: samari sun naɗe ƙafar wando sun shiga kwata da shebur da manjagara, suna fito da baƙin taɓo haɗe da ledar ruwa da robobin lemo da tsummokara da kunzugun jarirai, suna tulawa a bakin lambatun. A ɗauki hotuna, a tura zaure, a yi ta sa musu albarka. Tulin nan kuwa yana nan a inda aka ajiye shi, awaki su tattaka shi, rana ta busar da shi, ruwan farko da ya sauka ya sake mayar da shi cikin ramin da aka fito da shi. Ba a tanadi baro ba, ba a yi magana da masu motar kwashe shara ba, ba a ma yanke shawarar inda za a kai shi ba. Rabin aikin yashe lambatu shi ne kwashe abin da aka yaso, kuma wannan rabin ne yake cin kuɗi, shi ya sa kullum shi ake bari.

Sai kuma matsalar da ta fi wannan nauyi, wadda kunya take hana mu faɗa. Kusan kowane layi yana da gida ɗaya ko biyu da suka rufe lambatun ƙofarsu da kankare don mota ta samu wajen hawa, ko suka ciyo hanyar ruwa da katanga, ko suka kafa shago a kanta. Sau da yawa mai gidan mutum ne mai hali, wataƙila ma shi ne ya fi kowa bayar da gudunmawa a ƙungiya, don haka babu mai son ya zama shi ne zai buɗe baki. Ruwa kuwa idan aka tare masa hanya gidan da ya fi gangare yake nufa, kuma galibi gidan ƙasa ne na wanda ba shi da ƙarfin ɗaga daɓensa. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Kududdufan da a da suke shanye ruwan birni an cike da yawansu an yi gini a kai, kuma a damunar 2022 mun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, inda 'yan kasuwa da kansu suka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Ƙungiyar da ba za ta iya tura dattawa su ce wa mutum, "Alhaji, don Allah a fasa wannan kankaren a sa murfin da ake iya ɗagawa," ba, to ba ta da dalilin tara mutane su yashe sauran layin, domin ruwan a wajen nan zai tsaya.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu: magudanan ruwa da kwashe shara da kashe gobara aikin gwamnati ne, don haka aka kafa hukumar kwashe shara ta REMASAB da hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, wato SEMA da NEMA, da hukumar kashe gobara, kuma bai dace a riƙa ɗora wa talaka nauyin da ya riga ya biya haraji a kansa ba. Na yarda da wannan, ina ma ganin cewa ɗaya daga cikin manyan ayyukan ƙungiya shi ne ta rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, ta bi ta ofis-ofis, ta matsa wa kansila da ɗan majalisa lamba har a yi babbar kwalbatin da ta fi ƙarfin aljihun mazauna. Sai dai akwai wani ɗan lokaci da babu hukumar da take iya cike shi ko da a ce komai nata yana tafiya daidai, wato tsakanin lokacin da abu ya faru da lokacin da agaji ya iso. A wannan tsakanin maƙwabta ne kaɗai suke wurin.

Abin da ya faru a Maiduguri ya isa misali. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da harabar fadar Shehu da asibitin koyarwa, shekara 30 bayan makamanciyar ambaliyar da aka yi a 1994. Babu ƙungiyar unguwar da za ta iya tare madatsar ruwa, kuma babu mai hankalin da zai ɗora wa mazauna laifin abin da ya same su. Amma a sa'o'in farko na wannan dare, kafin sojoji da jami'an agaji su kai ga lunguna, waɗanda suka buga ƙofofi suka tashi masu barci, suka goyi tsofaffi, suka ɗauki yara a kafaɗa, mutanen unguwa ne. A Mokwa ta jihar Neja ma, a ranar 29 ga Mayu 2025, ruwan ya zo ne da asubahi ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa rayuka sama da 150, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka wahalar da masu aikin ceto shi ne sanin adadin waɗanda suka ɓace. Wannan ya sa nake ganin littafin da ya fi muhimmanci a hannun sakatare shi ne wanda aka rubuta kowane gida da yawan mutanen da suke kwana a cikinsa, da gidan da yake da tsoho ko marar lafiyar da ba ya iya tafiya, da gidan da maigida ba ya gari sai mata da yara, da makarantar allon da almajirai suke kwana a zaurenta. Littafin da muke da shi a yanzu na masu bashin kuɗin wata ne kawai. Haka kuma kowa ya kamata ya san inda za a taru idan ruwa ya kori mutane, ko makarantar firamare ce ko masallacin Juma'a da yake kan tudu, a kuma san wanda mukullin wajen yake hannunsa.

Gargaɗi ma ba ɓoyayyen abu ba ne. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai sa ido a kan koguna da ambaliya kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da suke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya kankama, gidajen rediyo suna karantawa da Hausa. Zauren da ake cika shi da gaisuwar Juma'a da gardamar siyasa zai iya ɗaukar wannan sanarwa.

Yanzu sai gobara, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro, saboda wasu daga cikin matakan da muka ɗauka don tsaro su ne suke ƙara mana haɗarinta. Mun kafa ƙofofin ƙarfe a bakin layuka, ana kulle su da dare, mukulli yana aljihun mai gadi ɗaya. A wata unguwa da na zauna, an taɓa fitowa da mace mai naƙuda cikin dare a adaidaita sahu, aka tarar da ƙofa a garƙame, mai gadi ya tafi wajen mai shayi a bakin titi, sai da aka ɗauko guduma aka fasa kwaɗon. Allah ya sa an sauka lafiya, amma washegari abin da aka tattauna a zaure shi ne wanda zai biya kuɗin sabon kwaɗo. Wasu ƙofofin kuma an yi musu ƙarfe a sama don hana tifa da manyan motoci shiga, ba tare da an tuna cewa motar 'yan kwana-kwana ma babbar mota ce ba. A cikin gidaje, kowace taga an yi mata ƙarafan da aka binne a cikin siminti, ƙofar fita ɗaya ce tak, janareto da jarkar fetur suna ajiye a ƙarƙashin matakala, tukunyar gas tana cikin kicin ɗin da ba shi da iska. Da sanyi ya shigo sai a ƙara da kaskon garwashi a ɗaka da hitar da ake mantawa da ita a cikin bokiti idan an ɗauke wuta, a dawo da ita cikin dare babu wanda ya sani.

Gyaran mafi yawan wannan ba ya cin kuɗi sosai. Mukullin ƙofar layi ya kasance a gidaje uku da kowa ya sani. Ƙarfen saman ƙofa a yi shi yadda za a iya zare shi. Kowane gida ya mayar da ƙarafan taga ɗaya su zama masu buɗewa daga ciki. A ajiye bokitan yashi da na'urar kashe gobara a masallaci da ɗakin mai gadi, a riƙa duba ranar da wa'adinta zai ƙare. A rubuta lambar kiran gaggawa ta 112 da ta ofishin kashe gobara mafi kusa a jikin bango da manyan haruffa, a kuma sanya wa layuka suna ko lamba, domin lokaci mai yawa yana tafiya wajen kwatance a waya, ana cewa bayan gidan mai, a sha kwana ta wajen mai wanki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda ba a gayyata idan ana wannan magana. Gobarar gida sau da yawa daga wajen girki take tashi, a lokacin da magidanta suke kasuwa ko ofis, kuma waɗanda suke gida su ne iyayenmu mata da 'yan mata da ƙananan yara. Su ne ya kamata su fara sanin cewa ba a watsa wa man da ya kama wuta ruwa, rufe shi ake yi da murfi, cewa idan an ji warin gas ba a taɓa makunnin lantarki, buɗe tagogi ake yi a rufe kan tukunyar, da kuma inda ake katse wutar gida gaba ɗaya. Babu abin da zai hana ƙungiya ta roƙi jami'an kashe gobara su zo makarantar Islamiyya ta matan aure su nuna wannan a aikace. Haka 'yan haya, waɗanda a wasu layukan sun fi masu gidaje yawa: ana karɓar kuɗinsu, amma idan an zo shawara sai a ce su baƙi ne.

Duk wannan yana komawa ga amana a kan kuɗi. Mutane suna janye hannu ne idan suka bayar shekara da shekaru ba su taɓa ganin lissafi ba, kuma ba na ganin laifinsu. Shawarata ga shugabanninmu ita ce a ware wani kaso na kuɗin wata, ko da ɗaya bisa goma ne, a asusu dabam wanda ba a taɓa shi don taransifoma ko albashin sintiri, a sa mutum uku su riƙa sa hannu kafin a cire, a kuma liƙa lissafin shiga da fita a allon masallaci kowane wata. Yashe lambatu da kwashe abin da aka yaso a tsayar da shi a watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, a sake zagayawa a ƙarshen Yuli kafin marka ta Agusta, duba wayoyin wuta da na'urorin kashe gobara kuma a sa shi a Nuwamba kafin hunturu ya yi ƙarfi. Ina roƙon duk wanda yake cikin kwamitin unguwarsa ya nemi a sanya waɗannan watanni uku a ajandar taro mai zuwa, a rubuta sunan wanda aka ɗora wa kowanne a gabansa.