Ni da horarwa, wasu da ɗaukewa: kukan mai rawda a Gadarif ta Sudan

Jiya da safe na buɗe ƙofar rawda, wato makarantar yaran da ba su kai shiga firamare ba, da yara 47, ni kaɗai tilo. Ustaza ɗaya ta tafi yankan riɗi tun makon jiya. Ɗayar kuma ta aiko ƙanenta da makullin akwatin alli, da saƙon wai in yafe mata, ta samu aiki wajen wata ƙungiya. Kafin hantsi yaro ɗaya ya jiƙa wando, biyu sun kacame da kokawa a kan murfin kwalba, wata ta riƙe min gefen zane tana kukan uwarta, ni kuma ina tsaye gaban allo ina ta alif da ba kamar mai wa'azi a tsakiyar kasuwa. Da azahar wani uba ya zo ɗaukar ɗansa, ko sauka daga babur bai yi ba, ya ce, "Hajiya, wai me kuke koya musu ne? Wata uku yaron nan bai iya rubuta sunansa ba." Wata ukun nan kuwa ko jine ɗaya bai biya ba. Na haɗiye maganar da ta zo min baki saboda yara na kallo. Yau zan amayar da ita.

Shekara tara nake riƙe da wannan rawda a unguwarmu, kuma ban taɓa rasa yara ba. Abin da nake rasawa kullum malama ce. Mutane sun ɗauka duk yarinyar da ta gama sakandare tana zaune a gida za ta iya, tunda ai raino ne kawai. Wallahi ba haka ba ne. 'Ya'yanmu Hausa suke tashi da ita a gida, kamar yadda kakanninmu suka taho da ita a hanyar hajji, amma ranar da suka shiga aji ɗaya na firamare Larabci zalla za a yi musu. Shekara biyun nan na rawda, daga huɗu zuwa shida, su ne gadar. In malama ba ta jin Hausa, yaro zai matse fitsari har ya zubo don bai san yadda zai nemi izini ba. In kuma Larabcinta bai nuna ba, ta tura shi firamare yana zare ido, malami ya yi masa tambaya ya yi shiru, a ce daƙiƙi ne. Mai harshe biyu nake nema, mai haƙuri, wadda ba ta da saurin hannu. Irin wannan ba a tsintar ta a hanya.

To sai na samo mai ɗan dama-dama in zauna in horar da ita da kaina. In koya mata ta durƙusa daidai tsayin yaro kafin ta yi masa magana. In raba ta da bulala, wanda shi kaɗai kan ci wata biyu, don ita ma da bulala aka koyar da ita. Ƙidaya da ƙwallon aduwa da 'ya'yan dabino, ba da ihu ba. Lokacin fatur, wato karin kumallo, ta riƙa lura da wanda ya koma gefen randa ya yi kamar yana shan ruwa, shi ne wanda bai zo da komai ba, a gutsura masa burodi da ful ba tare da sauran sun gane ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aikin ya ƙara nauyi. Da garin Madani ya faɗa hannun mayaƙa a Disambar shekarar, sannan garin Sinja a tsakiyar 2024, aka cika mu da yaran da suka ga abin da bai kamata su gani ba. Akwai yarinyar da har yau in salansar raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta yi ƙara a waje sai ta shige ƙarƙashin benci. Ustazar da ta tafi jiya ita kaɗai ta san yadda ake fito da ita: ba ta jan ta, zama take a ƙasa kusa da bencin tana 'yar waƙa har yarinyar ta leƙo. Shekara guda muka yi kafin ta kai nan.

Ita ban ga laifinta ba, Allah ya sani. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta kai jine 700 ba, tuni ta haura 2,000, albashin da nake ba ta kuwa ko sukari da gawayin wata ba ya saye. Wadda ta tafi gona ma haka, abin da za ta samo a kakar riɗi ya fi abin da zan ba ta a wata biyu. Da ni ce ma tafiya zan yi.

Haushina yana kan ƙungiyoyin nan masu zuwa da farar mota. Su kafa tanti, su ce wurin wasan yara ne, su bi unguwa suna tambayar wa ta iya da yara, a nuna musu tawa. Ko sallama ba su yi min ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan wata shida kuɗin shirin ya ƙare, a naɗe tanti, yarinya ta dawo ta saba da albashin da ni ba zan iya ba. Da taimakon suke so, me ya hana su ƙara mata kuɗin a nan inda yaran suka san ta?

Sai masu zuwa duba mu daga wani ofishi. Baiwar Allah ta zo da jakarta, ta ƙirga benci, ta leƙa makewayi, ta tambayi takardar shaidar malamai da rasit ɗin sabunta izini. Na ce mata, "Ustaza, ki zauna minti goma ki ga darasi." Ta ce raksha na jiran ta. Rabon da a kira malamaina wani kwas na horo har na manta, amma takardar biyan kuɗi ba ta taɓa ɓatan hanya ba, ko da damina ce laka ta kai gwiwa.

Amma wanda ya fi ci min rai ku ne, iyaye, 'yan uwana. Tun da aka canza takardun kuɗi na jine 500 da 1,000 a ƙarshen 2024 kuka samu abin fakewa: babu tsabar kuɗi, zan turo ta waya, shabaka, wato netwok, ta ɗauke. Na yarda akwai wahala, kuma akwai gidajen da ni da kaina na ce kada su kawo komai, marayu da 'yan gudun hijira. Ba da su nake ba. Da ke nake, Yaya, wadda ake bin ki wata huɗu, amma da bikin yaye ɗalibai ya matso kika zo tun da sassafe kina tambayar kalar rigar da za a ɗinka. Ranar takhrij, wato bikin yayen, shabaka ba ta ɗaukewa. A sa wa ɗan shekara shida riga da hula kamar ya gama jami'a, a yi lalle, a ɗauko mai hoto da mai kiɗa, a yi ta guɗa. Matar da ta share masa majina shekara biyu tana gefe tana jera kujeru, albashinta na watan jiya bai cika ba. Kunya ba ta kama ku?

Bana babu takhrij sai an biya bashi, na faɗa na ƙara. Wanda ya ga dama ya cire ɗansa, ya kai shi inda ake tara yara sittin a ɗaki guda da bulala ɗaya.

Ranar Lahadi Innata za ta zo ta zauna min da ƙananan a rumfa. Larabcinta na cefane ne, gwiwarta kuma ba ta barin ta durƙuso, amma ta iya tatsuniya kuma ba ta duka. Ni in riƙe manyan. Shi kuma mai babur na rubuta masa lissafinsa da manyan baƙaƙe na sa a jakar ɗansa, in ga ko shi ya iya karatu.