Kyanwa Mai Lamba Ɗari

Tun ranar da na ji cewa a watan Maris na 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da hoton wani mai zane da ake kira Beeple a kan dala miliyan 69 da 'yan kai, barci ya ƙaurace wa idona. Da na leƙa CryptoPunks kuwa, waɗancan hotunan kawuna dubu 10 da ake sayarwa a intanet, kowanne faɗinsa fiksel (ɗigon hoto) 24 tsawonsa fiksel 24, ko kan sarki bai kai ba, sai na ce a raina: in dai wannan ne zane, ai ni na daɗe da zama attajiri, sanarwa ce kawai ba a yi ba.

Na yanke shawarar yin kyanwoyi ɗari in sayar a matsayin NFT, wato shaidar mallakar hoto da ake saye da sayarwa a intanet. Ba sai ka zana ɗari da hannu ba. Leya-leya ake yi: bango daban, jiki daban, idanu daban, hula daban, sai manhaja ta riƙa ɗora wannan kan wancan. Na zana bango 5, jiki 4, idanu 6, hula 5. In ka ninka, kyanwa 600 za ta iya fitowa, ni kuwa ɗari nake so. Na kuma zana guda ɗaya ta musamman mai kambin zinariya, na sa ta a farkon layi, don ita nake sa ran za ta fitar da ni kunya.

Zanen duka mako guda ya ci. Abin da ya biyo baya ya ci uku, har da wani ɓangare na mutuncina.

Daren farko na danna maɓalli, na miƙe ƙafa ina jiran dukiya. Da na buɗe foldar, sai ga huluna. Huluna zalla, reras a kan farin fili, babu kyanwa ko ta magani. Na rufe kwamfutar na sake kunnawa, don a iya sanina wannan ne maganin kowace cuta. Huluna dai.

Dole na kira ƙanena, wanda yake karatun kwamfuta kuma yake jiran irin wannan rana tun yana yaro. Kallo ɗaya ya yi.

"Yaya, da me ka adana leyoyin?"

"JPEG mana. Ai ya fi sauƙin nauyi."

"JPEG ba ya barin fili fayau. Duk inda ka bari babu komai, fari yake shafe shi. Hular ce a sama, to ita da farin bangonta sun rufe kowa. PNG za ka yi."

Na ce dama gwada shi nake yi. Ya ce ya sani.

Na mayar da komai PNG. Kyanwoyi suka bayyana, alhamdulillahi, sai dai idanunsu ba a fuska suke ba. Wata nata suna kan kunne, wata suna shawagi a sama da kafaɗarta kamar ƙudaje. Ashe jikin na zana shi a fili mai fiksel 2000, idanun a mai 1500, ita kuwa manhaja daga kusurwar hagu ta sama take jerawa, ba ruwanta da inda Allah ya sa ido. Na gyara. A wannan lokacin foldata ta cika da sunaye irin su "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaske", da wani "kar a taɓa wannan" da har yau ban san abin da ke cikinsa ba.

Sannan aka zo inda na gane ban san abin da nake sayarwa ba. Ni a zatona hoton ne ake cusawa cikin Ethereum, kundin intanet da ake rubuta wa ya mallaki me. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki. Ajiye babban hoto a can tsada gare shi, don haka a mafi yawan lokaci abin da ke can lamba ce da adireshi. A tsarin ERC-721, wato ƙa'idar yin NFT a Ethereum, adireshin yana kai ka ga wani ɗan fayil na JSON mai ɗauke da suna, bayani da siffofi, shi kuma ya nuna maka inda hoton yake. Wato takarda ce ke nuna takarda, takardar ta nuna kyanwa.

JSON ɗin nan ba shi da yafiya. Na manta waƙafi ɗaya tsakanin launin ido da nau'in hula a samfurin da aka kwafi sauran daga gare shi, fayil ɗari suka ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Awa huɗu na yi ina zare ido a allo. Ɗan hakin da ka raina, ba ƙarya aka yi ba.

Hotunan na ɗora su a IPFS, wani rumbun ajiye fayiloli a intanet. Shi wannan adireshinsa, da ake kira CID, daga abin da ke cikin fayil ake lissafo shi. Ka taɓa fiksel ɗaya, adireshin fayil ya canza, na foldar duka ma ya canza. An faɗa mini haka sarai. Amma bayan na gama liƙa adireshin a fayil ɗari, sai na hango gashin bakin kyanwa ta 37 ya ɗan karkace. Babu mahaluƙin da zai lura. Na yi ta juyi a gado har ƙarfe biyu, na tashi na miƙar da shi. Sabon CID, sabon liƙi ɗari. Garin neman gira saura kaɗan in rasa ido.

Ranar ƙaddamarwa na biya kuɗin gas, wato ladan da ake biya kafin a rubuta abu a Ethereum, zuciyata na dukan uku-uku. Akwai zaɓin kulle adireshin har abada, don masu saye su tabbata ba za ka sauya musu kyanwa da ɓera ba bayan sun biya. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka bari mu duba tukuna." Na ce masa manyan masu fasaha ba sa shakka. Na kulle.

Na buɗe ta farko, sarauniyata. Bayanin ya ce kambin zinariya. Hoton kuwa wata kyanwa ce mai ruwan toka da 'yar hular sanyi, tana kallona kamar ina binta bashi. Ta biyu an rubuta idanu shuɗi, nata kore ne shar. Ta uku ma haka, kowace tana sanye da takardun maƙwabciyarta.

Ƙanena ya jawo kujera, ya buɗe folda biyun gefe da gefe, ya yi shiru irin na likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa. Manhajar hotuna daga sifili ta fara ƙirga, 0 zuwa 99. Ni kuma da hannuna na jera fayilolin bayani daga 1 zuwa 100, kowanne yana neman hoto mai lambarsa. Sarauniya ita ce 0. Tana nan a IPFS da kambinta, lafiya lau, babu takarda ko ɗaya da ke nuna ta.

"To ta ɗarin fa?" na tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Ya danna. Bayani cikakke: bango ja, idanu rawaya, hula mai baki. Wurin hoto kuwa wani ɗan da'ira ne ke ta juyawa, yana neman fayil na 100 da ba a taɓa halitta ba.

Yau wata biyu ke nan. Shafin ya nuna an kalli tarin sau 41, kuma na san aƙalla 35 ni ne. Jiya ƙanena ya shigo ya tarar da ni na zuba wa da'irar nan ido. Ya ɗan tsaya a bayana, ya karkata kai yana nazari kamar wanda ya shiga gidan baje kolin zane.

"Gaskiya, Yaya," ya ce, "duk cikinsu wannan ce kaɗai ban ga aibinta ba."