Bashin da Kannywood ke ɗauke da shi na su Mama Daso

Ranar Talata 9 ga Afrilun 2024, ana jajibirin ƙaramar salla, aka wayi gari da rasuwar 'yar wasan Kannywood Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, a Kano, tana da shekara 56. A nan Gombe mutuwar ta girgiza mu, don ta wajen uba tamu ce. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen da suka kwashe shekaru suna yi mata Allah ya isa a gaban talabijin suka koma suna shaidar kirkinta da fara'arta. Sai da ta bar duniya da yawa suka yarda cewa muguntar nan aiki ce.

Kuma aiki ne mai wuya. Tun daga fim ɗin Linzami da Wuta a shekarar 2000, Daso ta riƙe matsayin da 'yan mata masu neman suna suke gudu: uwar miji mai takura, kishiya mai makirci, uwar da ke raba aure saboda abin duniya. Duk wanda ya kalle ta ya san salon. Ta ja tsaki, ta riƙe ƙugu, ta kalli suruka daga sama har ƙasa kafin ta buɗe baki, sannan maganar ta fito a hankali, kowace kalma da dafinta. A unguwannin Gombe irin su Bolari ko Jekadafari za ka ga mata sun zagaye waya ɗaya suna kallo, wata ta tafa hannu ta ce wallahi kamar matar wan babanta. Wannan shi ne gwaninta, mutum ya hango danginsa a fuskar ɗan wasa. Jarumi da jaruma su ne a fasta, su ne a waƙa, amma idan babu mai hana su aure, labarin ba zai kai minti goma ba.

To me waɗannan mutane suke samu? A Fabrairun 2022 tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da aka saba ba ta a fim bai wuce naira 2,000 zuwa 5,000 ba. Masana'antar ta ɗau zafi, wasu furodusoshi suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka. Ban ƙaryata su ba. Sai dai gardamar kanta ta tona asiri: dattijuwar da ta tsufa a sana'a, amma babu wata takarda da za a ɗauko a ce ga abin da aka yi yarjejeniya a kai. Ana kiran mutum a waya, ya zo wurin ɗauka, ya yini a rana yana jiran fitowarsa biyu ko uku, da yamma a dunƙula masa wani abu a hannu a ce ya hau mota. Malam Karkuzu na Jos, wanda ya sa iyayenmu dariya tun zamanin wasan kwaikwayon talabijin, sai da ya fito yana neman taimako bayan idonsa ya tafi, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya saka wa Ahmed Musa, amma bai kamata tsufan ɗan wasa ya dogara da tausayin wanda ba ɗan masana'antar ba.

Furodusoshi suna da hujjarsu, kuma ya kamata a ji ta. Kasuwar faifai ta mutu, masu satar fasaha sun cinye ta, gidajen sinima a Arewa ba su da yawa. Gaskiya ne. Amma yanzu harka ta koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma a YouTube kashi ɗaya yana ci gaba da kawo kuɗi muddin ana kallonsa. Irin wannan fim kuwa ba ya tafiya sai da iyaye da kawunnai da mai unguwa da boka da 'yar aiki. Su ne suke riƙe mai kallo mako bayan mako. Ta yaya za a sallami mutum sau ɗaya a kan aikin da mai shi zai yi shekaru yana ci?

Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024, ya san wannan matsala ciki da bai, don tare da su Daso ya yi aiki. Shi da ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN za su iya tsayawa a kan abu biyu: kada a ɗauki kowa sai da rubutacciyar yarjejeniya mai ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin yini, sannan a riƙa cire wani kaso daga kowane fim zuwa asusun jinya na tsofaffin 'yan wasa.

Matasanmu na Gombe da Bauchi da suke shirya nasu fina-finan suna sawa a intanet ba sai sun jira Kano ko Jos ba. Dattijon da kuka roƙa ya fito muku a uba, ku rubuta masa abin da za ku ba shi tun kafin a kunna kyamara, ku sa cikakken sunansa a jerin 'yan wasa, idan kuma fim ɗin ya samu karɓuwa ku koma gidansa da rabonsa.