Ƙannena Direbobi da Yaran Mota, Ku Riƙa Leƙa Ƙarƙashin Mota

Assalamu alaikum ƙannena direbobin tirela da tanka da tifa, da ku yaran mota masu jiran ranar da oga zai miƙa muku makulli. Duk sanda babbar mota ta yi ɓarna a gangara, magana ɗaya ake ji: birki ne ya tsinke. Sai a yi salati, a ce ƙaddara, kowa ya kama gabansa. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja da ita. Sai dai birkin iska ba ya tsinkewa dare ɗaya. Wata da watanni yake yi yana ruɓewa a ƙarƙashin mota, can inda ba ku son durƙusawa don kada riga ta ɓaci.

Maganar busta nake yi, gwangwanin ƙarfen nan na bayan kowace ƙafa da tiyon iska ke shiga. Ka taka birki, iska ta tura faifan robar da ke ciki, roba ta tura sanda, lainin ya buɗe ya kama dirom. Ta ƙafafun baya ɗaki biyu gare ta. A ɗaki na biyu akwai ƙaton sifirin a matse, iska ce kaɗai ke riƙe da shi. Da ka ja hambirki, ko iska ta ƙare, sai ya saki ya danne ƙafar. Shi ne ke tsare lodin tan 30 a kan tudu kana cikin masallaci.

To, a bayan yawancin bustocin nan, musamman na bodin tirela da irin na Mack, akwai rami da ake zura ƙusar ɗaure sifirin. Kamfani ya toshe shi da 'yar roba. Ku zagaya garejin Tafa ko Mararrabar Jos ku ƙirga motocin da robar nan ke jikinsu, za ku sha mamaki. Makaniki ya cire ta ya yi aikinsa, ya yar a ƙasa, ba wanda ya tambaye shi. Daga ranar ƙofa ta buɗe. Ƙurar hunturu ta shiga, jar ƙasar hanyar da ake gyara ta shiga, mai tifa kuwa yashin kwari ma yana samun rabonsa. Ƙura ita kaɗai tana cin robar da ke raba ɗakunan biyu, har iska ta fara satar hanya. Babbar ɓarnar sai damina ta sauka, ko mai wankin mota ya saita bakin injinsa daidai ramin. Ƙurar ta zama taɓo, taɓon ya toshe 'yan hudojin ƙasan busta da aka yi don ruwa ya tsiyaye, sifirin ya kwana cikin laka ya wuni cikin laka. Tsatsa ta ci shi, wata rana ya karye. Ba lallai ka ji ƙara ba. Ko dai guntunsa ya huda roba iska ta riƙa zuba, ko ka ja hambirki mota ta ci gaba da silalewa kana zaton lainin ne ya cinye.

Wannan ruwan waje ke nan. Akwai na ciki, kuma shi aka fi rainawa. Kwamfiresa iskar gari yake zuƙa, da danshinta da komai. Idan ya matse ta sai ta yi zafi, ta isa tanki ta huce, danshin ya koma ruwa. Motar da ta ɗauki albasa ko shanu daga Arewa ta kwana uku a layin Apapa ta sha danshin bakin teku ta ƙoshi. Aikin daraya ne, wato na'urar busar da iska da ke tsakanin kwamfiresa da tanki, ta tsane wannan ruwa, amma gwangwaninta yana da wa'adi. Galibi shekara guda ake ba shi, mu kuwa sai ya shekara uku ba a taɓa shi ba.

Saboda haka kullum in ka yi fakin da dare, ka ja zoben da ke gindin kowane tankin iska, ka tara hannu ka ga abin da zai fito. Ɗan feshi ba komai ba ne. In ruwa ya zubo shaa, darayarka ta mutu. In kuwa abin ya fito kamar kunu, baƙi-baƙi mai maiƙo, kwamfiresa ne ke turo baƙin mai, kuma man nan yana kashe sabuwar daraya, yana kumbura robobin bawul. Kada ka sayi daraya ka bar kwamfiresan, asarar kuɗi ce.

Da safe kuma, kafin ka ɗau hanya: cika iska, sa wejin tare taya, kashe inji, saki hambirki, taka birki ka riƙe minti ɗaya kana kallon agogon iska. A Amurka abin da ake koya wa mai neman lasin babbar mota shi ne kada allura ta sauka fiye da psi 4 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) a mota mai jan bodi, 3 a mota guda. In ta zarce, yaro ya kaɗa ruwan omo ya bi tiyo da busta ɗaya bayan ɗaya, inda kumfa ta tashi nan ɓarawon yake. Ya duba tafiyar sandar ma: a busta mai lamba 30 ta yau da kullum, in ta wuce inci 2 birkin ya yi nisa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne dabarar nan ta lanƙwasa tiyo a ɗaure da waya, ko a ɗaure sifirin a bar shi haka, wai sai an sauke kaya a gyara. Ƙafar da ka toshe ba ta da birki, sauran ne za su ɗauki nauyinta, su yi zafi, mota ta riƙa fizga gefe. A miƙaƙƙen titi ba za ka gane ba. Sai ka doshi gangaren Hawan Kibo da cikakken lodi, kana ta dannawa kana saki, iska na fita ta ɓula fiye da yadda kwamfiresa ke mayarwa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ku ma iyayen gidanmu masu motoci, direban da ya kira ya ce busta na zubar da iska ba kuɗinku yake son ci ba. Ku daina ce masa ya lallaɓa ya ƙaraso.

Sai gargaɗi na musamman ga yaran gareji masu karambani. Ɗakin sifirin ba a buɗe shi. Ƙarfin da ke matse a ciki ya doshi tan guda, kuma murfin da tsatsa ta ci ba ya ba da sanarwa kafin ya yi tsalle. Shi ya sa kamfanoni suke like shi gaba ɗaya yanzu, ba noti ba zobe. In ya lalace, a ɗaure sifirin da ƙusarsa, a sauke bustar dungurungum a sa wata, a mayar mata da 'yar robarta. Tsohuwar kuma kada a jefa ta cikin tarin ƙarafa haka nan. Ku gaya wa ɗan gwangwan da zai saya abin da ke cikinta, domin shi da guduma ko wutar walda zai far mata, fuskarsa na daidai murfin.