Wilhelm Nast bai zo da Methodist daga Jamus ba

Wasu na ɗauka cewa Wilhelm Nast, wanda ake kira uban cocin Methodist na Jamusawan Amurka, daga gida ya taho da wannan ɗarika. Ba haka abin yake ba.

A birnin Stuttgart na Jamus aka haife shi a 1807, cikin gidan mabiya cocin Lutheran, wata ɗarika dabam. Ya fara karatun tauhidi a Tübingen, shakku ya kama shi, ya watsar. Da ya sauka Amurka a 1828 ba wa'azi ya kawo shi ba, har ya koyar da Jamusanci a makarantar soja ta West Point. Sai a 1835 ya shiga Methodist, aka tura shi Cincinnati ya yi wa 'yan ƙasarsu wa'azi da harshensu. Farkon aikin ya sha wuya, 'yan tsiraru ne suka bi shi. A ganina, jaridar Der Christliche Apologete da ya fara fitarwa a 1839 ta fi mumbari kai saƙonsa nesa, don tana shiga gidajen da ƙafarsa ba ta taka ba.

Daga Amurka ma aka mayar da wa'azin gida: a 1849 cocin ya aika wani mai wa'azi, Ludwig Jacoby, zuwa birnin Bremen na Jamus. Nast ya rasu a Cincinnati a 1899.